Lissafin Gyaran Gida Tun Kafin A Taɓa Bango

Hausawa suka ce ba a fafe gora ran tafiya. Babu inda maganar nan ta fi kamawa kamar wajen gyaran gida. Kowace shekara, da damina ta ɗauke, za ka ga magidanta a Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu suna kewaya gidajensu, suna duban ɓarnar da ruwa ya yi musu. Wannan katangarsa ta zube, wancan soronsa na yoyo, wani kuwa gara ta cinye masa azara. Niyyarsu duka ɗaya ce, su gyara kafin ruwa ya komo. Amma in ka sake bi ta nan da bazara, sai ka tarar waɗansu sun gama, suna jiran shuka hankali kwance. Waɗansu kuwa ɗaki na nan buɗe ba rufi, kuɗi ya ƙare, magini ya tafi sharar gona, ga hadari yana haɗowa daga gabas.

Sau da yawa na bayan nan ba su fi na farko talauci ba. Abin da ya raba su lissafi ne. Na farko sun san abin da aiki zai ci tun ba su soma ba, na biyu kuwa sai da suka kware rufi sa'an nan suka shiga tambaya. Wanda ruwa ya ritsa da shi a haka ba shi da sauran zaɓi. Ko ya sayar da geron da ya ajiye don iri, ko ya kai shanun nomansa kasuwa, ko ya jinginar da gona, don dai iyalinsa su sami wurin fakewa.

To, kai da ka koyi karatu da rubutu, ka sami abin da zai tsare ka daga wannan hali, watau takarda da fensir. Abin da kai ya manta, takarda tana riƙe da shi. Ga matakai shida da za ka bi, ɗaya bayan ɗaya, har ka san abin da gyaran gidanka zai ci.

Mataki Na Fari: Ka Nemi Tushen Ɓarna

Abokan gāban gida uku ne: ruwan da ke zuwa daga sama, ruwan da ke kwanciya a gindin bango, da gara. Kafin ka rubuta ko kwabo, sai ka san wanne ne ya shigo maka. Wanda ya ga tabon ruwa a bango ya shafe shi da farar ƙasa, bai duba indararo ba, ya yi asarar farar ƙasarsa, gama baɗi tabon zai komo, ya zo da tsaga.

A ƙasar Daura ruwa yakan sauka wajen watan Yuni, ya yi ƙarfi cikin Agusta, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Duban gida yana somawa tun ruwa na zuba. Ran da aka yi ruwa mai yawa, ka shiga ɗaki ɗaki da gawayi a hannu, ka yi alama duk inda ka ga ɗigo. Ka fita waje ka ga inda ruwan indararo ke faɗuwa, da inda ruwan tsakar gida ke bi. In rani ya yi, wurin yoyo ya bushe, ba ka iya gane shi sai da alamar nan.

Bayan kaka sai ka sake bin gidan a tsanake. Ka hau bisa soro ka duba ko daɓe ya fashe, ko rawani da zanko sun zaizaye. Ka soki azara ko katako da bakin wuƙa. In wuƙa ta shige ba wuya, gara ta riga ka. In ka ga tsaga a bango, ka liƙe wani ɓangare nata da ɗanyar ƙasa, ka rubuta ranar. Bayan mako uku ko huɗu ka komo. In liƙin yana nan, tsagar ta tsaya, cikewa kaɗai take so. In ya sake buɗewa, bangon tafiya yake yi, cutar tana can cikin harsashi, kuɗinta kuwa daban ne.

Sa'an nan ka raba takardarka gida uku. A gida na fari ka sa abin da zai iya faɗo wa mutum, kamar ruɓaɓɓiyar azara da bangon da ya karkata. A na biyu ka sa abin da in an bar shi zai girma, kamar yoyo da zaizayar gindin bango. A na uku ka sa abin ado, kamar fenti da zane. Kada na uku ya ci kuɗi alhali na fari yana jira. A watan Yuli na 2018 ruwa ya yi ambaliya a Jibiya, cikin Jihar Katsina, gidaje da yawa suka rushe, aka yi asarar rayuka. A 2022 kuma maƙwabtanmu na Jihar Jigawa suka ga irin wannan masifa. Irin wannan ruwa ya fi ƙarfin dabarar mutum ɗaya, amma ko a ruwan da bai kai haka ba, bango mai ciwon gindi shi ke fara tafiya.

Mataki Na Biyu: Awo

Kakanninmu da taki da kamu da gaba suke awo. Waɗannan suna da amfani, sai dai takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, mai sayar da bulo kuwa bai san tsawon ƙafarka ba. Saboda haka ka nemi tef na awo, ko ka ara wurin kafinta. Inci 12 su ne ƙafa ɗaya. In babu tef, ka sami igiya ka auna ta wurin kafinta, ka ƙulla ta ƙafa ƙafa.

Bango ana auna tsawonsa a kwance, da tsayinsa daga ƙasa zuwa sama, sa'an nan a riɓa wannan da wancan. Bango mai tsawon ƙafa 12 da tsayin ƙafa 10 ya zama 12 sau 10, watau 120. Wannan shi ake kira murabba'in ƙafa 120. Murabba'in ƙafa ɗaya wuri ne mai ƙafa ɗaya a tsaye, ƙafa ɗaya a kwance. In da ƙofa ko taga a bangon, ka auna su ta wannan hanya ka cire. Ƙofa mai faɗin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 7 ta zama 21, saura 99.

Ka auna sau biyu, ka rubuta nan take, kowane bango da sunansa: na gabas, na yamma, na kudu, na arewa. Kuskuren ƙafa ɗaya a takarda ana goge shi da ɗan yatsa. In ya kai kasuwa, da kuɗi ake goge shi.

Mataki Na Uku: Ƙidayar Kayan Aiki

Mu soma da bulo, gama shi ya fi sauƙin ƙidaya. Bulon siminti da aka saba da shi iri biyu ne, mai kaurin inci 6 da mai kaurin inci 9. Dukansu, in an haɗa da kwaɓin da ke tsakani, tsawonsu inci 18 ne, watau ƙafa ɗaya da rabi, tsayinsu kuwa inci 9. Ashe ke nan bulo biyu a jere ƙafa 3 ne, jeri huɗu a bisa juna kuma ƙafa 3 ne. Da wannan kaɗai ka iya ƙidaya bulon kowane bango. A kan kowane bulo 20 ka ƙara ɗaya, domin waɗansu za su fashe a hanya, waɗansu a hannun magini.

Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki biyu. Magina sukan lissafa buhu ɗaya ga ɗora bulo 50 ko kusa da haka. Wajen shafen bango akan haɗa siminti kashi ɗaya da yashi kashi shida, watau buhu ɗaya da kwanon sarki 12 na yashi. In kaurin shafen rabin inci ne, buhu ɗaya yakan rufe murabba'in ƙafa 130 ko ɗan fiye. In bangon ba shi da santsi, ya fi haka ci.

Kwanon rufi kuwa bandir bandir ake sayar da shi, bandir ɗaya falle 20. Wanda aka fi sani tsawonsa ƙafa 6 ne, in an ɗora gefensa a kan ɗan'uwansa yana rufe faɗin wajen ƙafa 2. Amma ka auna wanda za ka saya da hannunka, don ba duka suke ɗaya ba. A ce ɗakinka ƙafa 12 ne kowane gefe, rufin mai gangara ɗaya, bakinsa zai fito ƙafa ɗaya ta ko'ina don ya kare bango. Rufin ya zama ƙafa 14 kowane gefe. A kwance kana son falle 7. A gangare kuwa falle biyu ba su kai ba, gama kowane yana hawa kan na ƙasansa da rabin ƙafa, sai uku. 7 sau 3 sun zama 21. Ka gani? Wanda ya ce a ransa, ɗaki ɗaya ai bandir ɗaya ne, zai tsai da kafinta a bisa ɗaki saboda falle guda. Kada kuma ka manta da katako da ƙusa, da maganin gara da za a shafa wa katakon.

Ginin ƙasa lissafinsa ya bambanta, domin tubali ba girmansa ɗaya ba, kowane mai yi da hannunsa. Bangon ƙasa kuma gindinsa ya fi kansa kauri. Sai ka tambayi magininka tubali nawa ke shiga jeri ɗaya na ƙafa 10 a gindi, nawa a sama, jeri nawa kuma za su kai tsayin da kake so. Ka rubuta abin da ya faɗa, ka riɓa da kanka. Ƙasar Daura yawancinta jigawa ce, rairayi kuwa ba ya gini. Ƙasar da ke da danƙo sai an haƙo ta inda take, a ɗauko ta da jaki ko kurar shanu ko tifa. Saboda haka a ginin ƙasa babban kuɗi yana wajen dako da ruwa da kwaɓi. Ƙasar tsohon bangon da ya zube dukiya ce, ana sake jiƙa ta a ƙara mata ciyawa a kwaɓa. Kada ka biya kuɗi a kwashe ta, sa'an nan ka biya kuɗi a kawo wata.

Azara daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cin ta da sauri kamar sauran itace, amma giginya ba ta saurin girma, don haka azara ba ta araha. Tsawonta bai cika wuce ƙafa 8 ba, magina kuwa ba su son su gitta ta a sararin da ya fi ƙafa 6 sai da tallafi. Ɗakin da ya fi haka faɗi sai da ginshiƙi ko bakan gizo, wannan kuwa aikin gwani ne, ladansa ba irin na kowa ba. In gyara za ka yi, ka yi wa kowace ruɓaɓɓiyar azara alama da alli ka ƙidaya, sa'an nan ka ƙara kaɗan, domin in aka buɗe za a tarar da waɗanda ido bai gani ba.

Abin da ke kare ginin ƙasa daga ruwa shi ne shafensa. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa haɗi ne na katsi daga marina, da gashin awaki daga majema, da dafara. Marina sun ragu ƙwarai, saboda haka ka tabbata za ka sami katsi kafin ka sa laso cikin lissafi. Mutane da yawa yanzu leda suke shimfiɗawa kafin su zuba ƙasar rufi. In haka za ka yi, ita ma ka auna ta ka rubuta.

Mataki Na Huɗu: Farashi

Gani ya kori ji. Kada ka ɗauki farashi daga bakin maƙwabci wanda ya yi gini bara. Ka tafi kasuwa da takardarka, ka tambayi mutum uku kowane abu, ka rubuta abin da kowa ya ce, da ranar da ya faɗa. Ranar nan tana da muhimmanci, gama farashi ba ya zama wuri ɗaya.

Dattawa suna tunawa da zamanin fam da sule, kafin a fito da naira ran 1 ga Janairu 1973, lokacin da aka canza fam ɗaya a naira biyu. Tun daga nan darajar kuɗi ta yi ta sauka. Ga kuma dalilin nisa. Siminti ba a Daura ake yin sa ba. Daga wurare kamar Sakkwato, da Ashaka cikin Jihar Gwambe, da Obajana cikin Jihar Kogi motoci ke ɗauko shi, kuɗin mai da na mota duk suna cikin farashin buhun da kake saya. Da gwamnati ta janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin dako ya hau, kayan gini suka bi shi. A farkon 2024 siminti ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan makonni, mutane da yawa suka tsai da aiki a tsakiya. Saboda haka lissafin da ya kwana wata biyu ya tsufa, sai an sake bin kasuwa.

Araha ba ta ado. Bulon da aka ƙwarar da shi da siminti yana da sauƙin kuɗi, amma in ka murza gefensa da yatsa sai ya zuba kamar gari. Kwano marar kauri yakan yi tsatsa da wuri, iskar farkon damina kuma ta yage shi daga bakin ƙusa. Buhun simintin da ka ji ƙulalai masu tauri a ciki ya sha raɓa, ƙarfinsa ya ragu. In ka sayi siminti ka ɗora shi bisa katako, nesa da bango, kada kuma ka ajiye shi fiye da wata uku. Kwano da ƙusa da azara su ake iya saya kaɗan kaɗan a ajiye, siminti kuwa sai aiki ya matso.

Lokaci ma yana da farashi. Da kaka kududdufai suna da ruwa, tubali ya fi sauƙin yi. In bazara ta yi sun ƙafe, sai ka sayi kowace jarka wurin 'yan ga-ruwa, ga kowa yana neman magini a lokaci ɗaya. Wanda ya soma a Nuwamba ya fi wanda ya soma a Afrilu riba.

Mataki Na Biyar: Ladan Ma'aikata

Hanyar biyan magini biyu ce, jinga da kuɗin yini. A jinga kun yanke kuɗin aikin duka tun farko, ka san abin da za ka biya, sai dai ka sa ido kada a yi maka aikin gaggawa. A kuɗin yini kuwa ana biya kullum, aikin yakan yi kyau, amma kwanaki suna iya miƙewa. Aikin da ake ganin iyakarsa, kamar katanga, jinga ta fi dacewa da shi. Aikin da ba a san cikinsa ba sai an buɗe, kamar tsohon soro, ba maginin kirki da zai yanke masa kuɗi da ka, sai a yi yini yini har a ga abin da ke ciki.

Ka kira magini biyu ko uku su duba aikin, kowa shi kaɗai. Wanda kuɗinsa ya fi na kowa ƙanƙanta ka tambaye shi abin da ya lissafa da abin da ya bari. In kai baƙo ne ga sha'anin, ka nemi shawarar Sarkin Magina ko wani dattijo cikin masu sana'ar, ka kuma je ka ga ginin da mutumin ya yi wanda ya sha damina biyu ko uku.

In kun shirya, sai ku rubuta: wane aiki za a yi, nawa ne kuɗinsa, wa zai biya leburori, wa zai kawo ruwa, wa zai ciyar, yaushe za a gama. Ku sa hannu gaban shaidu biyu. Watakila magini ya ce, "Haba maigida, ni da kai har sai an rubuta?" Sai ka ce, "Gaskiyarka, Malam, amma rai ba a hannunmu yake ba. Takardar nan ta kare ni, ta kare ka." Malamai sun sani, ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Kuɗin kuwa ka raba shi uku: kafin alƙalami ran da aka soma, kashi na biyu in aiki ya kai rabi, na uku in an gama ka duba ka yarda. Kada ka ba da duka tun farko, kada kuma ka riƙe wa ma'aikaci haƙƙinsa ko na kwana ɗaya bayan ya cika alkawari.

Mataki Na Shida: Kuɗin Da Ke Ɓuya

Akwai kuɗaɗen da ba su da girma ɗai ɗai, amma in sun taru su ke karya mutum. Ga su: ruwan kwaɓi, da ruwan da za a riƙa ba sabon siminti safe da yamma har kwana bakwai, don in ya bushe da sauri cikin hunturu sai ya tsattsage, dakon kaya daga kasuwa zuwa gida, ladan masu lodi da saukewa, hayar tsani da baro da katakon takawa, abincin ma'aikata, kwashe tarkace bayan an gama, da kwanakin da kai kanka za ka bar sana'arka ka tsaya kan aikin.

In ka tara duka, sai ka ƙara kashi ɗaya cikin goma don abin da ba ka zata ba. In tsohon gini ne za a buɗe, ka ƙara ɗaya cikin biyar. Wannan kuɗi ka ware shi, kada ka faɗa wa kowa, kada kuma ka taɓa shi sai dole. In ya ragu bayan aiki, naka ne.

Misali

A ce wani magidanci katangarsa ta zube, tsawonta ƙafa 30, yana so ya mai da ta bulo, tsayin ƙafa 6. Jeri ɗaya bulo 20 ne. Ƙafa 6 jeri 8 ne, ga jeri 2 na cikin ƙasa, sun zama 10. 20 sau 10 sun zama 200, da 10 na fashi, 210. Siminti buhu 4 na ɗora bulo, a ce 3 na kankaren harsashi, 3 na shafe ciki da waje, duka buhu 10. Farashin da ke ƙasa don koyon lissafi kaɗai aka sa shi, kai sai ka sa na kasuwarka.

Bulo 210, kowane naira 500: naira 105,000
Siminti buhu 10, kowane naira 10,000: naira 100,000
Yashi da tsakuwa: naira 60,000
Ruwa: naira 10,000
Dako da lodi: naira 15,000
Magini da leburori: naira 70,000
Abinci: naira 10,000
Jimla: naira 370,000
Ƙarin ɗaya cikin goma: naira 37,000
Duka: naira 407,000

Duba da kyau. Da mutumin nan ya lissafa bulo da siminti kaɗai, kamar yadda yawancin mutane ke yi da ka, da ya ce naira 205,000 ta ishe shi. Ashe rabin kuɗin kaɗai ya gani. Irin katangar nan ce kake wucewa kana gani ta tsaya a gwiwar mutum shekara da shekaru.

In Kuɗi Bai Kai Ba

Ba abin kunya ba ne lissafi ya fi aljihu. Amfanin takarda ke nan, ta gaya maka tun bangonka yana tsaye. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai ka koma kan gidajen nan uku da ka raba, ka yi na fari bana, na biyu in hali ya yi, na uku ya jira baɗi. Ka sake lissafin da tubali maimakon bulo ka ga bambanci. Ka shiga adashi tun kaka, ka roƙi a ba ka kwasa a watan da za ka sayi kaya. Aikin da ba ya son gwaninta, kamar haƙa da kwasar ƙasa, ka kira gayya, ka lissafa abinci da goro.

Abu biyu kuwa kada ka yi su ko da wane dalili. Na ɗaya, kada ka kware rufi sai abin da za a mayar yana cikin gidanka, kuɗin mai aiki kuma yana hannunka. Na biyu, kada ka ɗauka shafen siminti a kan bangon ƙasa ya raba ka da gyara har abada. Siminti da ƙasa ba su riƙe juna sosai. In shafen ya tsage ruwa ya shiga, ba ya samun hanyar fita, sai ƙasa ta yi ta ruɓewa a ɓoye, waje kuwa lafiya lau, har ran da ɓawon zai faɗo gaba ɗaya. In za ka yi shi, ka lissafa ragar waya da ƙusar da za su riƙe shi, ka riƙa duban tsaga kowace shekara.

Gyaran da ya fi kowane araha shi ne na shekara shekara: share indararo, cike tsaga, yaɓe inda ya zaizaye, da ɗaga gindin bango da dakali don ruwa ya gudu. A garin Jenne, cikin ƙasar Mali, akwai babban masallaci na ƙasa wanda aka gina a 1907. Abin da ya riƙe shi shi ne mutanen garin suna taruwa su sake yaɓe shi, babba da yaro. Tsofaffin sorayen fadar Daura da na Katsina da na Kano su ma da bin gyara suka ga jikokin waɗanda suka gina su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka keɓe littafi guda don gidanka, ka rubuta abin da kowane gyara ya ci da shekararsa. Baɗi ba sai ka soma lissafi daga farko ba, ɗanka ma zai same shi.

Aiki Don Mai Karatu

1. Bango yana da tsawon ƙafa 15 da tsayin ƙafa 9. Bulo nawa ne a jeri ɗaya? Jeri nawa ne? Bulo nawa ne duka?
2. Jimlar lissafin wani mutum naira 250,000 ce, tsohon soro kuwa zai buɗe. Nawa ya kamata ya ƙara?
3. Don me aka ce tubali ya fi araha da kaka bisa ga bazara?
4. Ka ɗauki takarda ka kewaya gidanka yau, ka raba abin da ka gani gida uku. Ka auna abin da ke gida na fari, ka kawo lissafinsa aji mako mai zuwa.